Ya Yi Tsere da Sunan Wansa

Allon yana kwance a ƙasa, fuskarsa sama, kamar gawar da ke jiran masu wanka. Fiye da shekara hamsin yana rataye a bangon ɗakin wasanni na tsohuwar kwalejin fasaha da ke Hulme a Manchester, baƙin katako da rubutun ruwan zinare. Yau ga shi leburori suna tsallake shi da takalma masu siminti. Wani ma ya ɗora kofin shayinsa a kai.

Ban yi boko ba, ko na yini ɗaya. Amma akwai suna ɗaya a allon nan da na sani kamar yadda ake sanin fuskar maƙwabci. Sau shida ya fito: tseren yadi ɗari, dogon tsalle, ƙwallon ƙafa sau biyu, kurket, hoki. Maigidana ne ya bi su da yatsa ya nuna mini, shekarar da na zo ƙasar nan, yana nunawa yana waigen ƙofa kamar wanda ya shigo sata.

Na sa sandata na ture kofin. Shayin ya malale.

Wani jibgegen Bature mai hular kwano ya taho yana ce mini "love". Na gaya masa da Turancina na kasuwa cewa ni ba love ɗinsa ba ce, ni matar mutumin da aka ɗora wa shayi a ka ce.

Fuskarsa ta washe. "Ke ce Mrs Dramani? Ashe kin samu wasiƙarmu. Flat ɗari da ashirin za mu yi a nan, na 'yan uni, ɗaliban jami'a, kuma sunan mijinki za a sa wa ginin. Iliasu Dramani. Baƙar fata na farko da ya yi kyaftin a kwalejin nan. Har da farantin tagulla a bakin ƙofa."

"Wannan ba sunan mijina ba ne."

Ya dubi takardar hannunsa, ya dube ni, irin duban da suke yi wa tsohuwar da ta fito da silifas cikin ƙanƙara. Ya ce shi bulo ya sani. Rubutun da za a zana, wata mata ce ta tsara shi a Birmingham, sunanta Margaret, ita ke kula da tsofaffin takardun wasannin kwalejoji. Ranar Juma'a za a miƙa wa mai zanen tagulla. In an zana kuwa, an zana.

Ranar nan kuwa Litinin ce.

Ga yadda abin yake. Alhaji Dramani mai goro, a zangon Kumasi, yana da 'ya'ya maza biyu, tsakaninsu shekara ɗaya. Katanga ce kawai ta raba gidansu da namu. Babban shi ne Iliasu. Shan inna ta taɓa shi tun yana goye, ƙafarsa ta hagu ta shanye, in yana tafiya sai ya taka da dama, ya ja hagu. Amma kai gare shi. Shi ya ci jarrabawar da gwamnati ta ce wanda ya ci za ta kai shi Ingila koyon aikin lantarki. Ƙaramin kuwa, in uwarsa ta aike shi kasuwa, kafin ta rufe baki ya dawo, amma da ya buɗe littafi sai hamma.

A shekarar 1956, saura sati uku jirgin ruwa ya tashi daga Takoradi, zazzaɓi ya kwantar da Iliasu ranar Talata, aka binne shi ranar Alhamis. Ina da shekara goma sha bakwai, ina cikin matan da suka yi kuka. Kafin sadakar uku Alhaji ya kira ƙaramin ɗaki, ya ɗora masa hannu a kan Alƙur'ani. Da aka je gaban hukuma, sai aka ce ƙaramin ne ya mutu. Aka kai mai rai wurin mai hoto, aka manna fuskarsa a takardun wansa. Zango duka ya sani, zango duka ya ja bakinsa ya rufe. Waɗanda suka sani kuma ƙasa ta yi ta ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Saura ni.

Littafi ya ƙi shi a Manchester kamar yadda ya ƙi shi a gida, amma fili ya karɓe shi hannu biyu. Da sanyi ƙwallo da hoki, da zafi tsere da kurket. Ya zo bai san ta ina ake riƙe sandar kurket ba, kafin shekara ta zagayo yana koya wa 'ya'yan waɗanda suka ƙirƙiro ta. Malamai suna ɗaga masa ƙafa a aji saboda kofunan da yake kawowa. Sai a 1958, rana ɗaya, ya ajiye komai. Ya faɗi jarrabawar ƙarshe, ya shiga aikin bas, da fari kwandasta, daga baya direba, shekara talatin da ɗaya. A 1961 ya aika aka ɗaura mana aure, aka sako ni a jirgi.

Matan garinmu da ke Moss Side sun daɗe suna yi da ni, wai Ingila ta cire mini kunya, ina kiran sunan mijina gatsau a gaban GP, likitan unguwa, da mai kawo wasiƙa. Ban taɓa tanka musu ba. Me zai hana ni kiran Iliasu? Ba mijina ba ne. Sunan mijina, wanda aka yanka masa rago a kai, tun ranar da aka ɗaura bai sake fita daga bakina ba. Malam nake ce masa. Haka uwata ta yi da ubana har ta koma ga Allah.

Mu uku muka zauna a gidan nan. Gurgun shi ke samun wasiƙa, shi ke zuwa asibiti, shi aka rubuta a takardar haihuwar 'ya'yana. Da Malam ya rasu, shekara biyu ke nan, liman ya yi addu'a da sunan gurgun, aka sassaƙa dutse da sunan gurgun. An binne Iliasu sau biyu, mijina ko sau ɗaya. Tun daga lokacin, da rana tsaka, ina tsinar shinkafa ko ina ninke kaya, sai in ji mutum a matakala. Taku ɗaya, sai ja. Taku ɗaya, sai ja. In na leƙa babu kowa. Abin da ke ci mini rai, ban san wanene daga cikinsu ba, don Malam ma da ya tsufa haka ya koma tafiya.

Yanzu kuma za su kafe shi da tagulla a bakin titi, kowane ɗan uni ya wuce ya karanta ƙarya? Ba da raina ba.

Ranar Laraba na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, wurin autata Sherifatu da ke zaune a Sparkhill. Nas ce a asibitin wani GP. An sallami abokan aikinta biyu, ita ke yin nasu da nata, idonta ya faɗa. Ita ce ta karanta mini wasiƙar ginin nan, har da hawayen murna. Na same ta a kicin tana cin burodi a tsaye, na zauna ban cire mayafi ba, na zayyana mata komai daga Kumasi har Hulme.

Ta ajiye burodin. Ta juyo ta dube ni.

"Mma, shekara arba'in da huɗu ina cika form ina rubuta sunan wani a matsayin ubana?"

"Kawunki ne. Ba bare ba ne."

"Kawun da ban taɓa jin labarinsa ba! To shi Baba mene ne sunansa?"

"Ba na faɗa."

"Mma, please. It's twenty twelve."

"Ko twenty dubu ce."

"To ki raɗa mini a kunne."

"Raɗar da gwiwa ake yinta?"

Ta ja kujera ta zauna a gabana. "To ku ai kuna da dabararku. Mai sunan wane, mai sunan annabin da ya yi kaza. Ki yi mini kwatance, ni in faɗa."

Na san wannan hanyar, da ita muka girma. Na ƙi. Ban gaya mata dalili ba.

"Kin san zamanin da muke ciki kuwa?" Ta rage murya kamar akwai mai saurare a bayan firji. "Tsofaffin da suka fi shekara hamsin a nan ana ce musu su kawo shaidar yadda suka shigo. Ke kuma za ki ɗauki ƙafa ki je ki ce fasfon mijinki ba nasa ba ne. A kan takardarsa kika shigo, Mma."

"Su je su tono shi su mayar. Ni kuwa in sun ga dama su sa ni a jirgi gobe, da ma sanyin nan ya gama da gwiwoyina. Za ki kai ni wurin matar nan, ko in tambayi masu kanti a Stratford Road?"

Ta ɗauki waya ta ce wa wurin aikinta gobe ba za ta zo ba. Na ji matar da ke ɗaya ɓangaren tana faɗa. Sherifatu ta kashe wayar, ba ta sake yi mini magana ba sai da safe.

Na ce mu biya mu ɗauki Manasseh. Kirista ne, ɗan Wusasa, tare suka yi kwaleji da Malam, shi ya raka shi Liverpool tarbata ranar da na sauka. Yanzu yana wani flat na tsofaffi a bayan Stratford Road. Wurin da suke taruwa cin abincin rana an rufe shi bara, sai ya koma zaman taga, yana ƙirga masu wucewa.

"Amarya!" in ji shi da ya gan ni.

"Ɗan Zazzau, ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni, in ci shinkafar sadaka. Wannan 'yar tamu ce ta zama uwar mata haka? Sherifatu, uwarki har yanzu tana cizo?"

"Ta ƙara haƙora, Baba."

"Tashi ka sa riga," na ce masa. "Shaida za ka bayar."

Bai tambaye ni ta mece ce ba. Ya dube ni kawai, dariyar ta bar fuskarsa, ya ce a miƙo masa hularsa.

Wurin Margaret a saman wata tsohuwar masana'anta yake, hawa na uku, kuma na'urar hawa ta lalace. Sai da muka huta sau huɗu kafin mu kai Manasseh sama. Ɗaki ne dogo, cike da kwalaye har rufi, wasu an riga an ɗaure su da igiya. Ita kanta siririya ce, furfura fal, ta sa rigar sanyi biyu don an kashe musu na'urar ɗumama ɗaki. Su biyar ne da, ta ce, yanzu saura ita, ita ma ƙarshen wata za ta miƙa makulli, a kwashe kwalayen zuwa wani sito.

Ban bari ta gama ba ni kujera ba. Tun daga Manchester nake dafa maganar, na juye mata ita da zafinta. Na ce sun ci moriyar ƙafafun mutum, sun cika kabad da kofuna, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi wane ne shi. Na ce da ya faɗi jarrabawa ba wanda ya leƙa ya ga inda ya faɗa. Yanzu da suke son sayar da ɗakuna sun tuna da baƙin mutum, za su rataye shi a ƙofa kamar tallar sabulu, shi ma ba da sunansa ba. Inda Turancina ya ƙare Sherifatu ta ɗora, tana rage gishirin. Na ce mata ta mayar da shi yadda na zuba.

Margaret ba ta katse ni ba. Da na yi shiru ta tashi, ta jawo wani kwali da ke kusa da teburinta, ta zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa.

"Wannan takardar likita ce, daga Kumasi, 1956," ta ce, Sherifatu tana juya mini. "An rubuta cewa ɗalibin ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana jariri, ba zai iya aikin hawa tsani ba. Wannan kuma," ta zaro wata, "bayan wata tara ne. Mutumin nan ya yi tsallen da aka shekara goma sha ɗaya ba a kamo ba. Shekara tara ina ajiye takardun nan biyu kusa da juna. Na ɗauka likitan ne mashayi."

Manasseh ya yi dariya har ta zame masa tari. "Mu a lokacin cewa muka yi iskar teku ce ta warkar da shi."

Na zauna. Na zo da shirin faɗa, ga shi babu wanda zan yi da shi, sai haushin ya rasa wurin zuwa.

Margaret ta ajiye wata 'yar na'urar ɗaukar murya a kan tebur, ta ce Manasseh ya fara. Ya gyara hula kamar mai shiga coci.

"Shekararmu ta farko, a filin ƙwallo, sai in buɗe in yi ta ihu, Iliasu, Iliasu, ga ni nan! Ko gezau. Kocinmu ya kai shi a duba masa kunne, aka ce lafiya lau. Sai muka koma yi masa fito. In ka yi fito, kafin ka rufe baki ƙwallo tana ƙafarka. Na san akwai magana, amma mu a lokacin kowa da abin da ya baro a gida, ba a tambaya."

"A takardunmu an ce rauni ne ya tsayar da shi," in ji Margaret.

"Rauni!" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni ne abokin ɗakinsa. An zaɓe shi ya yi wa ƙasarsu gudu a wata babbar gasa, ƙasar ma sabuwa ce fil, ko tutarta ba ta koɗe ba. Ya yi sati yana rawa a ɗaki. Sai wasiƙa ta zo da sunayen shugabannin tawaga. Ya karanta, ya zauna a bakin gado. Ya ce mini na biyun nan hedimasta ne a Kumasi. Daga nan bai ƙara ko kalma ba. Washegari muka fita atisaye, ya yi yadi talatin, ya kama cinya ya faɗi. Babu abin da ya same shi, na rantse da kabarin uwata. Wata guda yana ɗingishi a kwaleji. Amma wane irin ɗingishi! Ni na ga masu ciwon cinya, ba haka suke yi ba. Shi takawa yake da dama, ya ja hagu, kamar wanda aka haifa da abin. Har tsoro ya ba ni. Na ce, kai, a ina ka koyi wannan? Ya ce, a gida."

Hedimastan nan na san shi. Shi ya koyar da gurgun, shi ya kai shi ɗakin jarrabawa a bayan kekensa. Malam bai taɓa gaya mini wannan ba. Shekara arba'in da tara muna kwana ɗaki ɗaya, cewa ya yi cinya ce.

Margaret ta juyo da na'urar wajena. Ta ce takardar likita da shaidar Manasseh sun isa ta tsayar da mai zane. Amma ba za ta aika masa da faranti babu suna ba, kuma babu wata takarda a duniya da ke ɗauke da sunan. Sai dai wanda ya sani ya faɗa da bakinsa, ta ajiye muryar a matsayin shaida.

"Ki faɗi sunanki, sannan nasa. Shi ke nan."

Ta danna. Wata 'yar fitila ja ta kama.

"Fusena," na ce. "Fusena Dramani."

Na buɗe baki. Harshena ya kwanta kamar an ɗora masa dutse. Ina jin motoci a ƙasa, ina jin numfashin Manasseh. Sherifatu ta dafa mini gwiwa, na ture hannunta. Fitilar nan ja tana kallona.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wannan. Ranar Lahadi da la'asar, a asibiti, Malam ya kama mini hannu ya ce, "Fusena, kira ni." Na ce, "Malam." Ya ce, "A'a. Kira ni." Na gane abin da yake nufi. Na dubi labule. Ga nas tana gyara gadon kusa, ga wani tsohon Bature yana tari. Na ce, "Haba Malam, da tsufanmu? Bari mu koma gida." Har dariya na yi. Na ja masa bargo, na fita da sauri don in sami bas ta ƙarfe biyar, saboda sun rage na Lahadi, in ta wuce sai bayan awa guda. Litinin da hantsi suka bugo waya.

Ba kwatance ya roƙe ni ba. Ba kuma karanta wa na'ura ya ce in yi ba, kamar mai ba da lambar gida. To ta yaya ake kiran mutumin da ba ya nan?

Margaret ce ta ce a huta. Ba ta taɓa na'urar ba, ta jawo kwamfutarta, ta ce akwai abin da ta so ta nuna mana tun da muka shigo. Wani malami ya ɗauki fim a ranar wasannin kwaleji ta 1957. Bai kai minti ɗaya ba, kuma babu sauti.

Hoton ya fara rawa, fari da baƙi, da ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi. Fili, da tutoci, da mutane cunkus a bayan igiya, maza da huluna, mata da laima. Can nesa mutum shida sun durƙusa.

"Ga ni can a gefe!" in ji Manasseh. "Ku lura da kyau, iska ce ta hana ni ranar."

Hayaƙi ya tashi daga hannun wani mutum, suka zabura.

Ban taɓa ganin Malam yana gudu a ƙasar nan ba. Direba na aura, mai ciwon baya, mai jiƙa ƙafa a ruwan zafi. Wannan kuwa yaron gidan Alhaji ne, wanda ke tsallake katangarmu ya saci ƙosan uwata yana zafi. Wuyan nan dogo, kunnuwan nan a buɗe. Ya baro sauran kamar an ɗaure su, yana tahowa, yana girma, yana nufo ni. A bayan igiya bakuna duk a wangale, ɗaruruwa, ana ɗaga huluna. Ba a jin komai, amma na san abin da suke kira. Duk filin nan gurgu suke kira, wanda ke kwance a Kumasi. Shi kuwa yana gudu a tsakiyarsu, fuskarsa ba ta kowa ba ce, kamar mai wucewa ta unguwar da ba a san shi ba.

Ban san na miƙe ba sai da na ji sandata ta faɗi. Na kira shi. Ba a hankali ba. Da muryar da nake kiransa ta kan katanga kafin a ɗaura, wadda ake ji har bakin masallaci. Sunan ya fito da ƙarfinsa, ya bugi kwalayen nan ya dawo.

Ƙirjinsa ya tsinke zaren. Ya yi taku uku, huɗu, sai ya waiwayo ta kafaɗar hagu, ya dubo mu sosai, bakinsa a ɗan buɗe. Hoton ya ƙare.

Fitilar ja tana nan a kunne. Manasseh ya cire hula ya riƙe a cinya, yana motsa leɓe, yana gwada sunan a bakinsa. Sherifatu ta rufe fuska da mayafina, ba nata ba.

Sau ɗaya na faɗa, ba kuma zan maimaita a nan ba. Wanda ya iya karatu ya je Hulme ya duba bakin ƙofa, in sun cika alkawari.

Margaret ta kashe na'urar, ta share hanci, ta ɗauki waya. Na ji ta tana ce wa wani ya dakata da farantin, akwai gyara. Sai ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta dube ni.

"Yana tambaya, a cire Iliasu gaba ɗaya?"

Tun daga Manchester amsar tana bakina: a cire, a kankare, a goge har a allon katakon. Sai na tuna kabarinsa a Kumasi ko dutse babu, kuma hukuma ba ta ma san ya mutu ba. In aka cire shi a nan, babu inda ya saura.

"A bar shi a ƙasa," na ce. "Da ƙananan baƙaƙe. Shi ya ci jarrabawar."

Sherifatu ta fassara. Margaret ta faɗa wa mai zane, ta saurara, ta ce wai sai masu ginin sun yarda da layi biyu. Na ce ta gaya masa ina da katin bas na tsofaffi, kuma ba ni da aikin yi, kullum za su gan ni.

Muna shirin tafiya, ana neman hular Manasseh da ke kan cinyarsa, Sherifatu ta tsaya a gaban kwamfutar.

"A sake sa mana, please. Sau ɗaya."

Margaret ta danna. Fili, tutoci, hayaƙi. Na tsaya a bakin ƙofa da sandata, na kama bakina na rufe gam. Ya taho, ya tsinke zaren, ya yi taku uku, huɗu.

Ya waiwayo.